Kama Da Wane Ba Ta Wane: Gargaɗi Ga Masu Aron Sunan Wani A Intanet

Duk wanda ya san kasuwar shanu ta Mubi, ko ya taɓa tsayawa a mahautar Oko-Oba ta Agege sa'ad da ake sauke shanun da aka ɗauko daga can, ya san cewa wannan ciniki a kan suna yake tafiya. Falke ya loda mota a Mubi da shanun da suka fito daga Kamaru da Chadi, ya aika ta Ikko ko Anacha ko Fatakwal, babu lauya babu sa hannu, sai dai amincewar da ya yi da sunan maigidan da zai karɓe su a can. Wannan suna kuwa shekaru aka yi ana gina shi, da biyan bashi kan lokaci da cika alkawari. In da wani zai tari motar a hanya ya ce shi ne yaron Alhaji wane, alhali kuwa ba shi ba ne, ya karɓe shanun, to babu wanda zai tsaya muhawara a kan sunan abin da ya aikata.

Abin da ya sa aka kawo wannan misali shi ne, irin wannan aron suna ya sami sabuwar ƙofa a zamanin nan, kuma samarin da ake kashe wa kuɗin karatu su ne suka fi kusa da faɗawa cikinta, da yawansu ba tare da sanin hukuncin da ke bayanta ba. Kowane shafi a intanet yana da adireshi, watau sunan da mutum zai rubuta a wayarsa ya kai shi wurin. Alal misali, adireshin hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, watau JAMB, shi ne jamb.gov.ng. To, mai son gajeriyar hanya sai ya yi rajistar wani suna da ya yi kama da wannan, ya ƙara harafi ɗaya ko ya rage, ko ya sa sifiri a gurbin harafin "o", ko ya bar sunan yadda yake ya sauya wutsiyarsa kawai. Mai neman shafin gaskiya, musamman wanda karatun bokonsa bai yi zurfi ba, sai ya shiga nasa yana zaton ya iso. Hukumar JAMB da rundunar soja da hukumar kwastan sun sha fitar da sanarwa suna jan kunnen jama'a game da shafuffukan da ke kwaikwayon nasu, har abin ya zama kamar al'ada duk lokacin da aka ce za a ɗauki ma'aikata ko ɗalibai.

Mubi gari ne na 'yan makaranta. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa a Yola a 1979, ta dawo Mubi a 1982, sa'an nan a 2002 aka buɗe Jami'ar Jihar Adamawa a garin. Kowace shekara waɗannan makarantu suna yaye samarin da suka iya kwamfuta, aikin gwamnati kuwa bai isa kowa ba. Gina shafin intanet sana'a ce ta halal, kuma abin alfahari ne a ce yaron da ubansa ke sayar da goro a Idi-Araba ya iya ta. Amma jarabar tana nan kusa, domin dubban iyaye da ɗalibai suna rubuta sunayen makarantun nan a waya kowace rana suna neman labarin gurbin karatu da kuɗin makaranta, kuma wanda ya kafa shafi da suna mai kama da nasu zai sami masu shiga ba tare da ya yi wahalar tallata kansa ba. Masu shiga kuwa su ne kuɗi, domin da yawansu ake biyan mai shafi ladan talla.

Abin da ke ruɗin samari shi ne sauƙin sayen sunan. Kuɗin rajistar shekara guda bai kai na ɗan akuya ba, kuma kamfanin da ke sayarwa ba ya tambayar mai saye ko yana da haƙƙi a kan sunan. In dai wani bai riga shi ba, na'ura za ta ba shi cikin minti kaɗan. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005 domin kula da adireshin da ke ƙarewa da .ng, ta keɓe waɗansu wutsiyoyi: .gov.ng na hukumomin gwamnati ne kaɗai, .edu.ng kuma na manyan makarantun da aka amince da su. Amma .com.ng da .com a buɗe suke ga kowa. Sai yaro ya riƙe rasidinsa ya ce ai da kuɗinsa ya saya. Gaskiya ne da kuɗinsa ya saya, amma wanda ya sayi allo da fenti da kuɗinsa ya rubuta sunan asibitin gwamnati ya kafa a ƙofar shagonsa, rasidin mai fenti ba zai fisshe shi a gaban alƙali ba.

Kada kuma a ɗauka cewa wannan sabuwar doka ce da zamani ya ƙago domin a takura wa matasa. Tun a 1961 aka yi wata shari'a da har yau ake koyar da ita ga ɗaliban lauya a ƙasar nan, kuma a kan wani shago a Anacha aka yi ta, garin da masu karanta wannan shafi da yawa suke neman abinci. Wani kamfanin sayar da magani mai suna Niger Chemists ya daɗe yana ciniki har sunansa ya bazu, sai waɗansu suka buɗe nasu shagon maganin a kan titi ɗaya da shi suka sa masa Nigeria Chemists. Bambancin bai wuce haruffa biyu ba. Kotu ta hana su amfani da sunan, bisa hujjar cewa mai saye zai iya ruɗewa ya ɗauka wannan shi ne wancan. A irin wannan ƙara ba lallai ba ne mai ƙara ya nuna cewa an yi nufin cutarsa. Ya isa ya nuna cewa ya yi suna, cewa jama'a za su iya ruɗewa, kuma ruɗewar za ta jawo masa hasara.

Da intanet ta zo, alƙalai ba su ga dalilin sauya wannan ƙa'ida ba. A 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke hukunci a kan waɗansu mutane biyu da suka yi rajistar sunayen manyan kamfanoni irin su Marks & Spencer da British Telecom, suka ajiye suna jiran a zo a saya da tsada. Hujjarsu ita ce ba su buɗe shafi ba, ba su kuma sayar wa kowa da kome da sunan ba. Kotu ta ce riƙe sunan kansa ya isa, domin makami ne na yaudara a hannun wanda ba mai shi ba, ta umurce su su mayar. Lauyoyin Nijeriya kuwa sukan kafa hujja da hukuncin kotunan Ingila a irin waɗannan al'amura, kuma alƙalai sukan saurara.

Saboda haka wanda ya ari sunan wani yana fuskantar hasara hawa-hawa. Mafi sauƙinta ita ce a ƙwace sunan. Tun 1999 akwai tsarin sasanta rigimar adireshi da ya hau kan duk wanda ya sayi suna mai ƙarewa da .com, ko ya karanta sharuɗɗan ko bai karanta ba. Mai suna na gaskiya zai kai kuka, galibi ga hukumar kare haƙƙin fasaha ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Janiba, ya nuna abu uku: cewa sunan ya yi kama da nasa har zai ruɗa mutane, cewa wanda ya yi rajistar ba shi da haƙƙi a kansa, kuma da mugun nufi ya yi rajistar yake kuma amfani da shi. Ba a zaman kotu, a rubuce ake kome, kuma cikin kamar wata biyu an gama. NiRA ma tana da irin wannan tsari domin sunayen da ke ƙarewa da .ng. Ranar da aka yanke, duk wahalar da yaro ya sha ta shekara biyu ko uku yana tara masu karatu ta tafi ke nan, domin adireshin zai koma hannun wancan. Bayan wannan kuma mai suna yana da ikon zuwa kotu ya nemi diyya, kamar yadda aka yi a kan shagon Anacha.

Wanda ya fi waɗannan nauyi shi ne laifi na ɗauri. A watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar hana laifuffukan intanet. Sashe na 25 na dokar ya ce duk wanda da gangan ya ɗauki suna, ko sunan kasuwanci, ko tambarin kaya, ko adireshin intanet na wani mutum ko kamfani ko na gwamnatin tarayya ko ta jiha ko ƙaramar hukuma, ya yi amfani da shi a intanet ba da izini ba domin ya shiga tsakanin mai sunan da amfani da sunansa, to ya yi laifi, kuma hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun. Sashen ya ƙara da cewa wajen yanke hukunci alƙali zai duba ko an nemi mutum ya saki sunan ya ƙi, da kuma ko ya nemi a biya shi kafin ya saki. Wannan wuri ya kamata a lura da shi ƙwarai, domin abin da yaro zai fara yi in takardar lauya ta iso shi ne ya ce a ba shi wani abu ya sauka, yana ganin ciniki yake yi, alhali kuwa hujja yake ƙara wa masu ƙararsa. An yi wa dokar gyara a 2024, amma wannan sashe yana nan daram.

Duk wannan fa kafin a ce an karɓi ko kwabo daga hannun kowa ke nan. In shafin ya kai ga neman mutane su rubuta lambobin sirrinsu na banki, sashe na 32 ya tanadi ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1. In ya yi sojan gona da sunan wata hukuma ko wani mutum domin ya sami wata riba, sashe na 22 ya kai hukuncin har shekara 5 ko tarar naira miliyan 7. In kuwa aka karɓi kuɗin fom ko na gurbin karatu bisa ƙarya, to an shiga hurumin dokar zamba cikin aminci ta 2006, wadda hukumar EFCC ke gurfanar da mutane a ƙarƙashinta, kuma ita ba ta san tara ba: ɗauri ne daga shekara 7 zuwa 20.

A ƙasashen waje ma ba a ɗauki abin da wasa ba. A Amurka wani mai suna John Zuccarini ya yi rajistar dubban sunaye masu kuskuren harafi da gangan, har da na shafuffukan da yara ke nema, yana karkatar da masu shiga zuwa wuraren batsa. A 2004 aka ɗaure shi wata 30. A 2013 kuma wata kotu a Kalifoniya ta yanke wa masu riƙe da sunaye fiye da ɗari masu kama da Facebook diyyar kusan dala miliyan 2.8. Dokar ƙasar ta 1999 ta ba alƙali ikon sa diyya har dala 100,000 a kan kowane suna guda.

To, me ya haɗa wannan da mai gadi a Obalende, ko mai canji a Sabo ta Badun, ko mai sayar da albasa a Inugu? Abin da ya haɗa su shi ne, yaron da ke gida ba shi da jari, kuma sau da yawa ba shi da katin bankin da zai biya kuɗin rajista. Yayansa ko kawunsa da ke kudu shi zai aika da kuɗin, wani lokaci da katinsa za a biya, da lambar wayarsa za a cika takarda, kuma in kuɗi suka fara shigowa asusunsa za a ba da, tun da shi ne babba. Tun daga 2014 aka fara ɗaure asusun banki da lambar BVN mai ɗauke da hoton yatsun mai shi, daga ƙarshen 2020 kuma aka tilasta haɗa layin waya da lambar ɗan ƙasa. Ranar da masu bincike suka bi sawun kuɗi, ƙofar wanda sunansa ke kan asusu za su fara ƙwanƙwasawa, ba ta wanda ya zauna gaban kwamfuta ba. Sashe na 27 na dokar 2015 ya daidaita hukuncin wanda ya taimaka ko aka haɗa baki da shi da na wanda ya aikata. Mai yiwuwa a ƙarshe kotu ta gane bawan Allah bai san kome ba ta sallame shi, amma kafin nan an rufe asusunsa, ya kwana a tsare, shagonsa ya zauna a kulle, ya kuma biya lauya. Har ila yau, nisa ba ya ceto. An saba cewa dokar laifuffuka ta kudu daban take da ta arewa, amma wannan doka ta tarayya ce, Babbar Kotun Tarayya ke sauraronta, kuma hukuncinta a Yola shi ne hukuncinta a Ikko.

Ta ɗaya gefen kuma, waɗannan 'yan'uwa su ne waɗanda aka fi cuta da irin waɗannan shafuffuka. Uba yana Fatakwal, 'yarsa tana neman shiga makaranta a Mubi, ba shi da halin zuwa ya gani da idonsa, sai abin da waya ta nuna masa. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane da yawa da ba su saba ba suka koma biya ta waya. Kuɗin da aka tara da dako da gadi cikin ruwan sama, in suka faɗa shafin bogi, da wuya su dawo. Wanda ya kafa irin wannan tarko da sunan makarantar garinsu, to ɗan garinsu ne zai fara faɗawa.

Akwai masu cewa ai ba kowane mai irin wannan shafi ne ɗan damfara ba, waɗansu labarin makaranta kawai suke bugawa, har ma sukan riga hukumar makarantar sanar da ɗalibai abin da ake ciki. Wannan gaskiya ne, kuma sashe na 25 bai kama mutum ba sai an tabbatar da nufinsa. Amma wanda ke son buga labari ba ya bukatar sunan da za a ɗauka na makaranta ne. In ya zaɓi irin wannan suna alhali ga dubban sunaye a buɗe, to tambayar farko da lauyan gwamnati zai yi masa ita ce me ya sa, kuma amsar gaskiya ita ce domin masu neman wancan su faɗo nasa. Wannan amsa kuwa ita ce abin da ake tuhumarsa da shi.

Akwai kuma masu cewa sunan Mubi ai na kowa ne. Haka ne. Mutanen garin da 'yan Boko Haram suka mamaye a ƙarshen Oktoba na 2014 har suka laƙaba masa wani suna, kafin a kore su a watan Nuwamba, sun fi kowa sanin darajar sunan garinsu, kuma babu dokar da ta hana ɗan Mubi sa sunan Mubi a shagonsa ko shafinsa. Haka nan wanda ke da haƙƙi na gaskiya a kan suna doka tana tare da shi. Wani ɗan kasuwa a Amurka mai suna Uzi Nissan ya yi rajistar sunan gidansu a 1994 domin kamfaninsa na kwamfuta. Kamfanin motoci na Nissan ya kai shi ƙara a 1999, aka yi shekaru ana shari'a, adireshin ya zauna a hannunsa. Sai dai shi sunan ubansa ne, kuma duk da haka ya kashe dukiya mai yawa kafin ya tsira. Wanda ya ari sunan da ba na ubansa ba, da wace hujja zai tsaya?

Koken da ya fi cancanta a saurara shi ne na masu tsoron kada manya su mai da dokar sanda. An ga yadda aka yi amfani da sashe na 24 na wannan doka aka tsare 'yan jarida, har kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta ce a 2020 sashen ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, sa'an nan aka gyara shi a 2024. Wajibi ne wakilan jama'a a Majalisar Tarayya su sa ido kada sashe na 25 ya bi wannan hanya, a riƙa kama mai sukar hukuma da sunan ya ambaci sunanta. Sukar makaranta ko ma'aikata haƙƙin ɗan ƙasa ne. Abin da ba haƙƙinsa ba ne shi ne ya sa rigarta ya tsaya a ƙofarta yana karɓar baƙinta.

Hukumomi ma suna da nasu nauyin, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Makarantar da ba ta sabunta shafinta sai an yi wata uku, ita ce ta buɗe wa masu kwaikwayo kasuwa. Ya kamata manyan makarantun jihar su riƙa sanar da adireshinsu na gaskiya a gidajen rediyo da Hausa da Fulatanci duk lokacin ɗaukar ɗalibai, su kuma sayi sunayen da ke kusa da nasu tun wani bai riga su ba. 'Yan kasuwa su ma su yi hattara da nasu sunan. A 2014 kamfanin Konga ya kai ƙarar wani kamfanin Jamus a Janiba a kan wani adireshi mai ɗauke da sunansa, aka kori ƙarar, domin a lokacin bai kammala rajistar tambarinsa ba. Falken da ya yi shekara talatin yana gina suna, kuɗin rajistarsa a hukumar CAC da ofishin rajistar tambari bai kai ribar sa guda ba.

Sarakunan Hausawa na garuruwan kudu, da limaman masallatan Juma'a na unguwannin 'yan arewa, da shugabannin rassan jam'iyya da ƙungiyoyin fatake, su ne jama'a ke jin maganarsu, kuma a bakinsu ya kamata wannan gargaɗi ya fito. Duk wanda ƙanensa ko ɗansa ya nemi kuɗi ko kati domin buɗe shafi, ya tambaye shi sunan shafin, ya sa a karanta masa harafi-harafi, in ya ji ya yi kama da na wata makaranta ko banki ko hukuma ya ce a sake wani. Kada kowa ya ba da asusunsa a karɓi kuɗin da bai san na mene ne ba, ko da ɗan cikinsa ne ya roƙa. Mai biyan kuɗin makaranta ya duba wutsiyar adireshin kafin ya biya, in ya yi shakka ya sa wani na gida ya taka ya je ofishin. Wanda kuma ya riga ya mallaki irin wannan suna, ya sake shi tun takardar lauya ba ta iso ba, kada ya nemi ko kwabo a kai, ya zaɓi nasa ya fara gina shi kamar yadda iyayensa suka gina nasu a kasuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.